Habu, na neme ka a bakin Bahar Rum

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan ta same ka a duk inda kake. Ni ce yayarka Rakiya, daga Highbridge a birnin New York. Na baza ta a fili ne don ba ni da inda zan aika maka. Masu karantawa su yi mini haƙuri, da ƙanena nake.

Rabonmu da muryarka tun kiran da ka yi daga Libiya, ana dukanka kana magana. Ina jin saukar tiyo a bayanka, kai kuma kana ta cewa, "Yaya, ba komai." Daga baya aka ce kun shiga kwalekwale, daga nan shiru. Bana Inna ta gaji, ta ce bayan Sallah za a tara malamai a yi maka sadaka irin ta mamaci, a raba kayanka. Na ce mata to.

Ana haka sai 'ya'yan tsohuwar Baturiyar da nake jinya suka biya mata yawon buɗe ido a jirgin ruwa a Bahar Rum, aka ce in bi ta in riƙa tura mata keke. Ka ji ikon Allah. Ruwan da ake cewa ya cinye ka, a kansa nake kwana bisa katifa, da safe a tambaye ni soyayyen ƙwai nake so ko dafaffe. Kifi kam ban sa shi a baki ba har muka dawo.

Kullum jirgin sai ya tsaya a wani gari. A manna mana lamba a ƙirji, mu bi wata mai ɗaga tuta kamar 'yan firamare. A Barcelona da Marseille kowa ya ɗaga kai yana kallon tsofaffin gine-gine, ni idona yana ƙasa, wajen 'yan uwanmu baƙar fata da ke shimfiɗa zanen gado a gefen titi suna sayar da jakunkuna da tabarau. Kowace kusurwar zanen da igiya, bakin igiyar yana hannun mai kaya, in an taso masa ya fizge ya ruga. Fuskarka nake nema.

A wata tasha ta Italiya abin ya faru. Wasu ƙarti uku suka fito daga wani shago suka yi kan wani mai talla. Ya fizgi igiya, ɗayansu ya taka zanen, sai mai tallan ya kife da baka. Suka rufe shi da shuri. Ɗaya ya ɗauko kujerar ƙarfe ya sauke masa a ka, jini ya wanke tabarau ɗin. Sai na ji ya ce, "Wayyo Allah Inna." Da Hausa, Habu. Kuma ƙeyarsa irin taka ce sak.

Ban san lokacin da na saki keken ba. Na fizge sandar ƙarfen tsohuwar na rafka wa mai kujerar a wuya, na ƙara masa a gwiwa ya durƙusa. Na biyun ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya karye, na tofar na kama kunnensa da sauran. Abokan tafiyarmu kuwa wayoyi suka ɗaga suna ɗauka. Tsohuwar ce kaɗai ta yi ta kururuwa har mutane suka taru, ƙartin suka ja baya.

Na juyo da mai tallan ina kiran sunanka. Ba kai ba ne. Ba zan ɓoye maka ba, haushinsa na fara ji.

Isiya sunansa, mutumin Maraɗi, ya ma girme ka. Na cire gyalena na danne masa goshi, na tambaye shi labarinka. Bai san ka ba. Na ce ya ba ni lambar gida in sanar da su halin da yake ciki, sai ya kau da kai. Wai tun da ya tsallako bai taɓa kiran gida ba. Har yau ina jin maganarsa: "Gona aka sayar na taho, Hajiya. Me zan ce masu?"

Na mare shi. Mutum yana zubar da jini, na ɗauke shi da mari har hannuna ya yi zafi. Na danƙa masa wayata na tsaya a kansa. Lambar tana bakinsa, ko tsayawa tunani bai yi ba. Ina tsaye na ji ihun mahaifiyarsa ta cikin wayar. Ashe an daɗe da yi masa sadaka, matarsa ma ta gama takaba ta yi wani auren.

Ranar da na sauka New York na kira Inna na ce a fasa sadakar. Kawu Sani ya karɓi wayar ya ce zaman Turai ya taɓa mini kai, na ce eh, amma ba mai taɓa kayanka.

To ka saurare ni. Idan kana raye, kana wani titi riƙe da igiya, kunya ta hana ka kira, wallahi ranar da na gan ka sai na yi maka abin da ya fi na Isiya. Sannan in rungume ka. Ba mu aike ka neman komai ba, ɗan ƙanena. Ni na goya ka, na san nauyinka tun ba ka da ko wando. Ka kira, ko ba za ka yi magana ba, zan gane numfashinka. Lambata ba ta canza ba.

Ya Allah, idan Habu yana wajenka, ka yi masa rahama, ka sanyaya zuciyar Inna. Idan kuma yana doron ƙasa, ka tsare shi daga hannun azzalumai, ka hana shi sukuni har sai ya ɗauki waya. Amin.

Yayarka mai jiranka,
Rakiya