Ƙwayoyin Barcin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan sai dai a ce da sauƙi. Yara kalau suke, maigidana ma yana ta fama da aiki. Baba ne ba lafiya, kuma ni na hana a gaya maka a waya, don na san halinka, kafin a kai ƙarshen magana ka tayar wa kowa da hankali.

Ka tuna kwalbar ƙwayoyin da ka kawo masa zuwanka na ƙarshe, saboda atishawa da ƙaiƙayin idon da ƙurar yadi ke sa shi a shagon ɗinki? Ka ce ba wani abu ba ne, ko takardar likita ba a nema. To, atishawa kam ta tsaya. Sai Inna ta lura in ya sha yana barci kamar jariri, shi da ya daɗe yana kwana juyi. Shi ke nan ta mai da abin na kullum, tana ajiye masa kusa da kofin ruwansa.

Sannu a hankali Baba ya canza. Baki kullum a bushe, fitsari sai da nishi, zura zare a allura ya gagare shi. Ran nan ya ɗinke wuyan rigar mutane ruf, muka yi ta dariya har da hawaye. Dariyar ba ta je ko'ina ba, don bayan nan ya dube ni ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Kowa ya ce tsufa ne ya zo. Da ya fara yawo a tsakar gida yana laluben almakashi, Inna ta ƙara masa ƙwaya don ya natsu, ga kuma maganin tari da yake kurɓa. Wata safiya yana fitowa daga banɗaki jiri ya ɗebe shi a bakin ƙofa, ƙashin ƙugunsa ya karye.

A asibiti likita ta sa aka kawo duk abin da yake sha. Tana ganin kwalbar ta girgiza kai. Ta ce irin wannan mai sa barci na 'yan kwanaki ne, ba na kullum ba, kuma yana rikita tsofaffi, ya tsare musu fitsari, ya sa su faɗuwa. Ta ce maganin tarin ma akwai irinsa a ciki, ashe ninki ake ba shi. Wai akwai na atishawa da bai cika sa barci ba, da an tambayi mai kemis an faɗi shekarun Baba, da shi zai bayar. Inna ta zauna a ƙasa tana salati.

Tun da aka daina ba shi, hankalinsa ya dawo sarai, har yana yi mini tsiya wai ban iya ɗinka maɓalli ba. Amma ƙafa ta tafi, Auta. Likita ta ce da wuya ya sake taka keken ɗinki. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba, ko da yake na san don ƙauna ka kawo.

Shi dai Baba ba wanda ya iya gaya masa dalilin faɗuwarsa. Jiya ya riƙe hannuna ya ce in yi maka godiya, wai duk cikin 'ya'yansa kai kaɗai ka tuna da rashin barcinsa, in da hali ka ƙaro masa wata kwalbar. Ka zo ka ba shi amsa da bakinka.

Inna da Gwaggo da Kawu suna gaishe ku. Ka gai da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Taka har kullum,
Yayarka