Kunyar Ɗan Fari Tana Cin Jikina

Gogo Zaituna, don Allah ki taimake ni, na gaji. Ni mace ce daga Gangara, kuma wata goma sha ɗaya ke nan jikina ya ƙi ni. Gabana ya riƙa dukan uku-uku, zufa ta karyo mini ko da sanyin safiya, cikina ya murɗa sai na ruga bayan gida. Wuyana da kafaɗuna kullum a ƙage, kamar na wuni da tulu a kai. Tuwo loma biyu na ture. Zanena yanzu har saura yake yi.

Sau uku ina zuwa likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna ni, ya ce bai ga komai ba sai jinina da ya fara hawa. Ya tambaye ni ko da abin da ke damuna, na ce babu. Ƙarya na yi, Gogo. Maƙwabta suka ce gyambon ciki ne, nake ta jiƙa kanwa ina sha safe da yamma. Maigidana Malam Sale ya ce iska ce, rubutu kuwa ba irin wanda ban sha ba.

Ga gaskiyar. Ɗana na fari yana arewa wurin haƙar zinariya. Bara ina tsakar daka aka kunna lasifikar masallacinmu ba lokacin salla ba, aka yi sanarwar rasuwar abokin tafiyarsa, wai rami ya rufta da shi. Tun ranar, da na ji lasifikar nan ta motsa sai in saki abin da nake yi, ina jiran in ji sunan nawa ɗan. Ko cigiyar akuya ake yi, sai na yi gudawa.

Kin san al'adarmu. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tambayar lafiyarsa gaban mutane ba. In ya kira salular ubansa, sai in shige madafa ina motsa tukwanen da ba komai ciki, kunnena yana waje. In ƙanwarsa Batulu ta miƙo mini salular, in harare ta. Mata suna ta yabona wai ina da kawaici. Kawaicin me! Ni kaɗai na san abin da nake haɗiyewa. Haukacewa nake, ko zuciyar ce za ta kashe ni?

Uwa mai kawaici, Gangara

Sannu, 'yar'uwa. Ba hauka ba ne, ba kuma raki ba ne. Fargaba in ta daɗe ba ta tsayawa a rai, jiki take sauka: zuciya ta yi gudu, ciki ya ɓaci, jijiyoyi su ɗaure, abinci ya fita kai. Ciwo ne sananne, kuma ana samun sauƙinsa.

Ki koma wurin majo ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, har da kanwar. Ya tambaye ki kin ɓoye, to da me zai yi aiki? Kanwar nan ki ajiye ta, mai hawan jini ba ta yi masa daɗi. Addu'a ki riƙe, amma ki haɗa da magani. In lasifika ta motsa, ki zauna, ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali har gabanki ya lafa. Malam Sale ma ki sanar da shi. Wata goma sha ɗaya yana neman iskar da ba ta nan, alhali labarin yaron yana cikin salular da ke aljihunsa.

Ban raina kunyar ɗan fari ba, ni ma da ita aka tashe ni, kuma ado ce ga uwa. Amma iyayenmu sun yi ta ne 'ya'yansu na gona a bayan gari. Naki yana cikin rami a wata uwa duniya. Shi ma wataƙila duk kiran da yake yi, muryarki yake fatan ji.

In Batulu ta sake miƙo miki salula, ki karɓa. Ba sai kin kira sunansa ba. Ki ce masa, kai, kana lafiya? Zai gane mai magana.

Allah ya ba ki lafiya, ya dawo miki da shi da ƙafafunsa.

Gogo Zaituna