Ƙwaya Ce, Ba Shi Ba

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
'Yan sanda sun tafi da Babba zuwa Kankia. A gonar ƙwadago a Bauranya, wajen maimai, gardama ta haɗa shi da Hussaini ɗan maƙwabciyarmu Fadimatu a kan kunyar noma guda. Ya ɗaga hauya. An ce idon Hussaini na hagu ya tafi. Tiramol ya sha tun safe, wai don kada gajiya ta kama shi.

Mata sun cika gida jaje. Ban yi kuka ba. Ɗan fari ne, wa zai ga hawayena a kansa? Ko sunansa ban taɓa kamawa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
Tuwo ya yi saura. Hannuna bai iya auna na mutum huɗu ba.

Asabar, 27 ga Yuli
Duk wanda ya shigo ina ce mashi ƙwaya ce, ba shi ba. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai! Tare suka yi allo da Hussaini, tare aka yi masu kaciya.

Maigidana Malam ya je ya dubo shi, da ya dawo na yi kamar ina tsintar wake. Karima autata ce ta yi mani tambayar, Allah ya yi mata albarka. Ya ce Babba ya rame. Wai ya ce, "Inna ta ce wani abu?" Me zan ce? Tun yana wata tara kakarsa ta ɗauke shi, ni kuwa na bi al'ada har ta zame mani jiki. Ina kewarsa. A nan kaɗai zan iya faɗa.

Talata, 13 ga Agusta
Kotu. Na zauna can baya cikin mayafi. Lauya ya ce ba ya cikin hayyacinsa. Alƙali ya ce, "To wa ya fitar da shi daga hayyacin?" Ya yi bayani: wanda aka zuba wa abu bai sani ba, ko aka tilasta shi, hukuncinsa daban. Wanda ya kai bakinsa da hannunsa, abin da ya biyo baya nasa ne.

Ƙanen Malam ya raɗa mamu a waje cewa a ce cikin kunun gona aka zuba masu. Mai gonar baƙo ne, ya riga ya koma. Har ga Allah raina ya so.

Laraba, 4 ga Satumba
Alƙali ya tambaye shi da kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na saya, ni na haɗiya. Ba wanda ya zuba mani." Sai ya waiwayo yana neman wani a cikin mutane. Na sunkuyar da kai, kamar kullum.

Shekara uku.

Haushinsa nake ji. Kalma ɗaya, da yanzu yana gida yana cin ɗanyar gyaɗa.

Lahadi, 29 ga Satumba
An fara girbin gero ba shi. Na hangi Hussaini ya wuce da tsumma a fuska, yana laluben bakin ƙofarsu ta gefen da ba ya gani. Na koma ɗaki.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na shiga gidan Fadimatu, karon farko tun abin. Fura kawai na kai, ba wani abu ba. Ta shimfiɗa mani tabarma, muka zauna. Can ta ce, "Halan kin zo ki ce mani ƙwaya ce?"

Na buɗe baki in ce haka ɗin. Abin da ya fito shi ne, "A'a. Ɗana ne ya yi. Abdulmannan."

Ta dube ni, ta daɗe. Ta ce, "Yau kin haife shi ke nan."

Jibi Malam zai je dubiya. Na ce wa Karima ta wanke mani babban mayafina, ya yi datti ne kawai.