Ruwan Sabulu a Cikin Injin

Litinin, 4 ga wata

Motar nan nake so ta tashi kafin Alhamis, shi ke nan. Ranar za a ƙara wa 'yata jini, asibitin da nisa, jikinta ba ya ɗaukar motar haya. Babanta yana wurin aiki, sai ƙarshen wata. A waya nake faɗa tunda ban iya rubutu ba. Ni na jawo. Na buɗe bonet na ga maiƙo, na sheƙa masa ruwan sabulu bokiti biyu kamar tukunya. Yanzu sai kir-kir-kir, ba ta kamawa. Ba wanda ya sani.

Talata, 5 ga wata

Yayan mijina ya kawo maza uku, suka tura ta har bakin titi suka dawo da ita. Wai, “Amarya, kawo makullin, mota ba injin markaɗe ba ce.” Makullin yana ƙulle a bakin zanina, kuma ba zai fito ba.

Laraba, 6 ga wata

Na goya yarinya na je wurin tsohon nan mai gyaran wutar mota. Na faɗa masa gaskiya, ya yi dariya har da tari. Ya ce, “'Yata, ko unguwa duka ta tura ta, ba wuta ba tashi.” Wai akwai ɗan abu a gindin injin, sensa, shi ke jin juyawa ya ce wa kwamfuta “yanzu”. Kwamfuta ta taɓa koyil, koyil ya ɗauki 'yar wutar batir ya mai da ita babba, fulogi ya ƙyasta, mai ya kama. Ruwa ya shiga tsakani, wutar ta ɓace a hanya. Ƙafarsa ba ta bar shi zuwa ba. Ya zana min a kwali, ya ara min sifana lamba goma. Ya ce cire kan batir tukuna, zare koyil huɗu, tsane ramukan fulogin da ke ƙarƙashinsu, shanya soket.

Na yi. Rami na uku kamar rijiya. Yarinya na kuka, ni ma.

Alhamis, 7 ga wata

Motar ta tashi. Murɗa biyu.

An ƙara jinin, tana barci, leɓenta ya yi ja. A hanya injin ya ɗan yi gargada, sai na ji bakina na cewa “na ukun nan ne”, ban ko rage gudu ba. Da muka dawo Yaya na ƙofa, wai wa ya gyara? Na wuce ciki. Ai tun a asibiti na kira babanta na ce ni na wanke, ni na gyara. Na gaya wa surukata ma. Shi Yaya sai ya ji a bakinsu.