Tumfafiyar Inna Ta Tsira

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya ƙafar Malam, ya yara? Mu nan Bahindi lafiya lau, ruwa ya sauka.

Kin tuna tumfafiyar da ta tsiro a lambun bayan gida, inda Inna take shimfiɗa tabarmarta? Yanzu ta fi ni tsawo, ta cika da fure. Shekaranjiya Yaya Bello ya wasa adda, wai tumfafiya ta kango ce, ba ta lambu ba. Na tsaya gabanta, na ce sai dai ya fara sare ni.

Muna cikin haka sai ga Jumma mai kawo mana nono daga Kurgu. Ta roƙi ganyen, ta ce da shi take yin cuku irin na mutanen Benin. Jiya ta kawo mana guda biyu. Yaya ya cinye ɗaya da rabi. Yau da safe na iske shi da addar nan, yana saran ƙaya zai yi wa tumfafiyar shinge.

Ki sa mu a addu'a, Allah ya jiƙan Inna. Ki gaida Malam. Kada ki tambayi Yaya, zai musa.

Ƙanenki,
Garba