Lamba Uku a Hanyar Kurfi

Laraba, 4 ga Satumba, 1963

Alhaji ya sayi mota. Ba ta ɗaukar hatsi ba, a'a, wata 'yar ja mai kujera biyu, ba ta da rufi, wadda Baturen gona ya bari da zai koma ƙasarsu. Ko buhu ɗaya ba zai shige ta ba. Dutsin-Ma kaf ta fito kallo, kafin la'asar an raɗa mata suna 'Yar Barkono. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota zuwa Funtuwa, yau ga shi da furfura yana zagaya kasuwa, jelar rawani na tashi. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ya wuce ta gabana bai duba ba, kamar kullum.

Asabar, 14 ga Satumba

Alhaji ya faɗo daga tsanin rumbu, hannun hagu ya karye. An ɗauko Lado maɗori daga Barkiya, ya ɗora shi, ya ce a riƙa kai masa shi duk Lahadi. An ce Alhaji bai yi ko tsaki ba sai da ya tuna sandar giyar motar a hannun hagu take.

Alhamis, 19 ga Satumba

Dabararsa: shi ya riƙe sitiyari da dama, ya taka kuloci, wani ya zauna gefensa yana sa giya. An fara da ƙanena Ilu. Motar ta yi ta ƙarrr kamar ana niƙa tsakuwa, har Alhaji ya sauke shi a bakin masallaci ya ce ya ƙarasa gida da ƙafa.

Da yamma Ilu ya same ni ina duba aikin 'yan ajina. "Yaya, Alhaji ya ce a hwaɗa wa na wajen Yahanasu, in makaranta ba ta riƙe shi ba, ranar Lahadi a tahi Barkiya."

Na wajen Yahanasu. Ni ke nan. Ɗan fari ne ni, tun yaye aka miƙa ni ga Gwaggo Yahanasu a Kurfi, kuma har yau da na zama malamin makaranta ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana da magana, sai ta bi ta bakin wani, ko da muna zaure ɗaya. Na san kunya ce, haka kowa yake da ɗan farinsa, ba ƙiyayya ba. Amma a nan zan iya rubutawa: ina so in ji ya ce Mahmuda. Ko sau ɗaya.

To, mota kujera biyu ce. Ta bakin wa maganar za ta bi?

Lahadi, 22 ga Satumba

Ta bakin motar ta bi!

Muna shiga ya dubi sitiyari ya ce, "'Yar Barkono, lamba ɗaya muke so." Na tura sandar. Muka fita gari, inji ya fara ɗaga murya, ya taka kuloci ya ce, "Kin gaji da wagga, ko?" Na jawo lamba biyu. Haka har Barkiya. Da na kuskure na kai ta lamba huɗu maimakon biyu, ta yi tari ta mutu a gaban masu tallar fura, sai ya shafa ta ya ce, "Yi haƙuri, baƙo ne."

Ni ma na koyi salon. Da ƙishi ya kama ni na ce, "Ko 'Yar Barkono za ta so mu tsaya a rijiya?" Gemunsa ya motsa. Mun tsaya.

A dawowa mun biya wa Gwaggo. Ta ga mun fito daga abu ɗaya kafaɗa na gugar kafaɗa, ta rufe baki da mayafi tana ta salati.

Talata, 24 ga Satumba

Na tashi kafaɗata na ciwo. Ina rubutu a allo na kama kaina ina jan alli baya kamar sanda.

Lahadi, 29 ga Satumba

Akwai wani agogo a gaban direba, allurarsa na hawa in inji ya yi zafi, da jan layi a ƙarshe. Na ƙura masa ido don in riga Alhaji sani. Ya lura. Ya cire hularsa ta cikin rawani ya rataya a kan agogon, ya ce, "Ke da ke da baki, mi ya kai mutum kallon agogo?"

Sai na saurara. Ashe kuwa tana magana. A ƙasa tana gurnani, kujera na rawa, ma'ana an yi mata nauyi, a sauko. A tsakiya muryarta cike take, tana ja da daɗi. In ta fara siririn kuka kamar za ta shiƙe, an makara. Wurin canji yana gab da wannan kukan, lokacin da take kan daɗinta. Abin da ya fi ba ni wuya ke nan, raba ta da lamba alhali tana jin daɗinta.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Abin da ya faɗa wa motar yau: a sauko kafin kwana, ba a cikinta ba. A sauko kafin hawa. Kuma ba a taɓa sanda a tsakiyar rairayi, duk lambar da aka shiga da ita da ita za a fita.

Sau biyu hannuna ya riga bakinsa zuwa kan sanda. Na biyun kuloci kawai ya taka. Ta shiga sumul, ba ko ƙis. Manoma na yankan gero a bakin hanya suka ɗago lauje suna yi mana kirari. Wallahi daɗi kamar in tashi sama.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yau na daka wa mahaifina tsawa.

An yi ruwan ƙarshe jiya, rafin da ke kafin Barkiya ya kwanta da sabon rairayi. Muna gangarowa a lamba uku, Alhaji ya juya yana amsa gaisuwar wani Bafillace da shanunsa, bai ga hanyar ta canja ba. Ni na gani. In muka shiga haka za ta nutse, ga mai karyayyen hannu, ga rana. Ban tuna da wata 'Yar Barkono ba. Na ce, "Alhaji, taka!" Ya taka. Na jawo lamba biyu taya na taɓa rairayi. Na ce, "Ba ta wuta!" Ya danna totur, ta yi wutsil-wutsil, ta watsa wa shanu ƙasa, ta haye gaɓar can.

A raina na ce yau na gama yawo. Can sai na ji wani sauti, na zaci inji ne, ashe Alhaji ne ke dariya, har hawaye na bin gemunsa. Ya bugi sitiyari ya ce, "Kin ji hwa! Kin ji yadda ake ba Alhaji Labaran umarni!"

Lado ya tambayi abin da ya sa mu dariya, muka kasa ba shi labari.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Yanzu ba ya cewa komai game da giya. In na ɗora hannu a sanda, ya taka. Zaɓin ya dawo wurina ban san ranar da aka ba ni ba.

A miƙaƙƙiyar hanyar nan bayan mun bar gari, muna lamba uku, inji na ruri, iska na kaɗa kunne, sai na ji yana magana. Idonsa na kan hanya. Wai ranar da aka haife ni yana Funtuwa da lodin gyaɗa, wani ɗan garinmu ya tare shi a tasha da albishir, shi kuma don kunya ya yi kamar bai ji ba, ya zagaya bayan mota, ya...

Daidai nan inji ya kai wurin canji. Hannuna da kansa ya tafi, ƙafarsa da kanta ta taka, na sa lamba huɗu. Motar ta yi laushi, ƙara ta kwanta, har ana jin kukan tsuntsaye. Alhaji ya ja bakinsa ya rufe. Har Barkiya bai ƙara ba.

Ya zagaya bayan mota ya yi me? Kai, Mahmuda, Allah ya shirye ka da gwaninta.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na gane. Sai in ƙara ta rufe muryarsa yake iyawa, yadda zai zama kamar bai faɗa ba, ni kuma kamar ban ji ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na ɗan ja lokaci a lamba uku. Ya ƙarasa. Wai rawa ya taka a bayan motar, shi kaɗai, har hularsa ta faɗa cikin kwata. Daga nan injin ya fara siririn kukansa, tausayi ya kama ni, na canja. Na kau da kai ina kallon gonaki don kada a ga fuskata.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Lado ya kwance karan ɗori. Ya murza hannun, ya sa shi ya ɗaga turmi, ya ce, "Alhaji, ka warke sarai, ba sai ka dawo ba." Kowa na barka. Ni ma na yi barka. A dawowa ni na sa giya, amma mun san na ƙarshe ne, ko motar ba a yi wa magana ba.

Tuwon dare bai shiga ba. Yaji ne ya yi yawa, ina ji.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Da hantsi na ji ƙarar mota a ƙofar ɗakina. Ba aike, ba Ilu. Alhaji ne zaune, hannun hagu rataye a wuya da tsohon rawani. Ya dubi sitiyari ya ce, "Hannun nan bai gama ƙwari ba. A tahi Kurfi a gaida Yahanasu." Ban tambayi wanda ya sa masa giya daga gidansa zuwa nan ba. Jiya ma na hango shi yana sauke buhu da hannun.

Mun kai miƙaƙƙiyar hanya. Lamba uku, inji na ruri. Idonsa na gaba ya ce, "Mahmuda."

Na ce, "Na'am, Alhaji."

Ya ce, "Ba komai. Hanyar ta yi kyau yau."

Injin ya kai wurin canji, ya wuce, ya shiga kukansa. Na naɗe hannuwana a cinya. Alhaji, da ba ya jure a wahalar da inji, sai ya ɗan sassauta totur don ta samu numfashi, ya soma ba ni labarin kakana.

Gwaggo ta ce tun daga nesa take jin mu, ko motar ta lalace ne? Na ce lafiyarta lau, hanyar ce duk hawa.

A lamba uku muka dawo.