Wuyan Hannuna da Idon Baba

Lahadi, 4 ga Mayu

Gobe za a cire ƙullin nan na wuyan hannuna na dama. Tun ina 'yar makaranta yake nan, kamar an cusa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata, kuma da ba ruwana da shi. Bana ne ya fara zugi. In na daɗe ina buga takardu a ofis sai yatsuna su mutu. An taɓa zuƙe shi da sirinji, ya lafa, ya dawo ya fi da girma.

Ba wuƙar nake tsoro ba. Baba kurma ne tun haihuwa, kuma tunda Mama ta rasu hannun nan nawa ne bakin gidan. Da shi nake gaishe shi, da shi nake kai masa tsegumi, da shi nake gaya masa abin da masu kawo keken ɗinki gyara suke cewa a shagonsa. In ya sandare fa? Na tambayi likita, ta ce akan samu amma ba kasafai ba. "Ba kasafai ba" ɗin nan ta tsaya mini a rai.

Sunana a wurin Baba shi ne ya ƙwanƙwasa wuyan hannunsa da yatsa, daidai inda ƙullina yake. Haka duk abokansa suke kirana. Ɗazu na ce masa gobe za a yanke sunan a jefar. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Litinin, 5 ga Mayu

An yi. Da hagu nake rubutu, kamar kaza ta yi tono. Lafiya lau.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yatsun dama suna iya riƙe biro kaɗan-kaɗan, bari in rubuta kafin in manta.

Ba a sa ni barci ba. Allura aka yi, hannun ya mutu murus tun daga kafaɗa, aka sa labule tsakanina da shi. Ina kallon fitila ina jin ana taɓa wani abu can nesa, kamar hannun maƙwabciya. Likitar 'yar ƙaramar mace ce, in ka gan ta a layin asibiti sai ka ce ta zo rakiyar mara lafiya. Amma muryarta ba ta rawa. Tana aiki tana ba ni labari: wai jaka ce cike da ruwa mai yauƙi, ba ciwon daji ba ne, sai dai tana da saiwa da ta shige can cikin gaɓa. "Saiwar nake bi, 'yar'uwa. In na bar ta, sai mun sake haɗuwa, ni kuwa ba na son ganinki." Ina kwance ana yanka ni ina dariya!

Abin da ya fi burge ni da ita daga baya ne. An fito da ni, hannu ɗaya a mace, ɗayan an sa masa ƙarin ruwa, ba ni da bakin yi wa Baba bayani. Yana tsaye a baranda ya yi tsuru-tsuru. Likitar ba ta nemi kowa ba. Ta je gabansa ta nuna wuyan hannunta, ta tsinke abu da yatsu biyu, ta jefar ta bayan kafaɗa, ta ɗaga babban yatsa. Baba ya dafe ƙirji ya rusuna mata. Mutane da yawa in sun ji an ce kurma ne sai su dinga daka masa tsawa, ko su yi magana da ni kamar ba ya wurin. Ita idonsa ta kalla. Allah Ya saka mata.

Asabar, 10 ga Mayu

An ce hannun ya zauna sama da ƙirji, kar ya kumbura, kuma kar ruwa ya taɓa bandejin. Baba ya ɗauki maganar kamar shi aka yi wa aikin. Ya samo tsohon bel na keken ɗinki ya rataya a ƙusa saman gadona, ya yi masa matashi, nan nake sagala hannun. In zan shiga wanka shi ke ɗaure mini leda, ɗaurin da ko ɗigo ba ya shiga. Ya dafa shinkafa, gishiri ya yi yawa, na cinye tas.

Hira da hagu kaɗai muke yi. Kamar mai in'ina nake, rabin kalma, amma kafin in kai ƙarshe ya cafe. Wallahi mutumin nan ko gira na ɗaga ya san abin da ke raina.

Sunana bai canza ba. Daidai inda bandejina yake, nan yake ƙwanƙwasawa a nasa hannun, yana ɓata fuska wai zafi.

Laraba, 14 ga Mayu

Ƙaiƙayi! Kamar in cire hannun in ajiye.

Litinin, 19 ga Mayu

An cire zare. Tabon ɗan siriri ne, Baba ya matso ya duba ɗinkin, ya jinjina kai irin na wanda ya san aiki.

Sai likita ta ce in lanƙwasa. Na gwada, wani zafi ya soke ni har cikin haƙori, hannun kuma ko motsi, kamar icce. Ta ce haka yake yi, yanzu aikin ya dawo kaina. In dinga lanƙwasa shi sama da ƙasa, ina juya shi, kullum, ko da zafi. Ta nuna mini da nata hannun. In na lallaɓa shi na bar shi a kwance, ta ce, zai iya daskarewa a haka. Ta tura ni sashen gashin ƙashi, inda ake motsa gaɓoɓi.

Baba ya taɓo ni, me ta ce? Na ce masa da hagu: ta ce ya warke, in huta. Ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na san shi, in ya ji sauran sai ya hana ni sakat, ni kuwa ji nake in na matsa wa wurin ɗinkin zai ɓalle. Dama na saba tace masa magana. In mai keke ya zo yana zage-zage, ce masa nake mutumin yana sauri ne. Meye amfanin ɗora masa abin da zai dame shi?

Alhamis, 22 ga Mayu

Wani abu na damuna. Da safe na ce wa Baba ya miƙo mini sukari, da hagu kamar kullum. Ya ƙura mini ido, ya juya tafin hannu: "Ban gane ba. Sake." Na sake. Ya miƙo mini cokali. Sai da na sa hannun dama na taimaka, ina cije baki, sannan ya ce au, sukari!

Da rana ma haka.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ban je gashi ba. Gobe.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ƙanwata Auta ta zo daga gidanta da kayan dubiya. Na ja ta kicin na gaya mata ina jin idon Baba ya fara rauni, ko kuma tsufa ne ya taɓa kansa. Maganar da yake cafewa tun kafin in gama, yanzu sai na yi ta maimaitawa. Ta ce, "Haba Yaya, mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau?" Na ce ke me kika sani, ke da maganar hannunki ba ta wuce gaisuwa da neman abinci ba. Ta yi fushi, na ba ta haƙuri.

Amma hankalina a tashe yake. In hannuna ya ƙi, idonsa kuma ya ƙi, to shi ke nan, mu zauna gida ɗaya muna kallon juna. Ina tuna wannan sai hawaye.

Talata, 27 ga Mayu

Na je gashi, matar wurin ta wanke ni tas. Katuwa ce mai fara'a, tana dariya tana murɗa mini hannu ina salati. "Ke malama, kin yi wasa da hannun nan. Amma akwai alamar kina ɗan motsa shi, me kike yi da shi?" Na ce ba komai, hira ce da babana. Ta ce to in ƙara surutu.

Ta iya aikinta, ba na ja. Ta san daidai inda zafi ke tsayawa ya zama lahani, ba ta taɓa ƙetarewa. Ta koya mini tsoma hannun a ruwan ɗumi kafin in fara, da murza tabon da mai. Duk da haka da na fito sai da na zauna a benci na huce.

Alhamis, 29 ga Mayu

Yau na yi wa Baba tsiwa, Allah Ya yafe mini. Ina ba shi labarin shugabar ofis ɗinmu ta bugo waya tana tambayar yaushe zan koma. Kowace jimla sai ya ce in sake. "Ofis" in sake. "Waya" in sake, waya fa, da ko jariri zai gane! Kalmomin da ke bukatar juya wuyan hannu kuwa sai na yi ta yi yana kallona da fuskar shanu. Na gama labarin da hannu biyu ina gumi, na shige ɗaki na bugo ƙofa, wadda ko jin ta bai yi ba.

Can sai ga shi da ruwan ɗumi a roba. Ya ajiye ya fita. Ban tuna na gaya masa zancen ruwan ɗumi ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Na kai masa abincin rana shago. Tun daga kwanar layin na hango shi a bakin ƙofa, yana hira da abokinsa mai walda da ke tsallaken titi. Mai walda na riƙe da kofin shayi a dama, da hagu kaɗai yake zuba, motoci na giftawa tsakaninsu, rana na dukan fuskar Baba. Wani dogon labari ne na surukinsa da akuya. Baba yana dariya yana dukan cinya, yana ma riga shi ƙarasa zance. Ko sau ɗaya bai ce a sake ba.

Na tsaya riƙe da kwano kamar an dasa ni.

Ashe ranar cire zare ba ni yake kallo ba, hannun likita yake kallo. Ta lanƙwasa sama, ta lanƙwasa ƙasa, ta ɗaure fuska, ni kuma na juyo na ce masa wai in huta. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana karanta hannaye da fuskoki, shi na yi wa wannan! Bai tsare ni ba, bai kunyata ni ba. Ya san halina, ni mai kunnen ce ke da kunnen ƙashi, in ya ce yi sai in ƙi. Sai ya zaɓi 'yarsa ta ɗauke shi tsohon da ya fara ruɗewa, in dai hannun zai motsa. Kuma ya san babu abin da ya tsana a duniya kamar a ɗauka ba ya ganewa.

Yana hango ni ya gyara fuska. Na ce ga abinci. Ya ce in sake. Na ajiye kwanon na sake, da hannu biyu.

Laraba, 4 ga Yuni

Ban nuna masa na gano ba. Shi ma bai fasa ba. Yanzu ni ke neman dogon labari da gangan. Jiya na kwashe rigimar maƙwabta kaf na zuba masa, har da ƙari.

Asabar, 7 ga Yuni

Na zauna a shago ina kallonsa yana tayar da wani keken ɗinki da aka yi shekaru ba a taka ba. Ɗigon mai, ya juya kaɗan, ya dakata, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen yana jin abin da ni ban ji da kunne. Bai taɓa tilasta shi ba, bai kuma ƙyale shi ba. Kafin la'asar keken na gudu. Ban san sau nawa na ga wannan tun ina yarinya ba, yau ne dai na zauna na kalla har ƙarshe.

Na ɗaure gashina da kaina. Na buɗe murfin kwalba.

Laraba, 11 ga Yuni

Na koma ofis, rabin yini. Hannun ya yi tsami da yamma amma yatsu ba su mutu ba. Matar gashi ta ce saura ƙiris, wai ta so a ce duk marasa lafiyarta suna da uba mai son hira.

Litinin, 16 ga Yuni

Ganin likita na ƙarshe, tare da Baba. Ta lanƙwasa, ta juya, ta ce in matse mata yatsu, ta ce madalla. Sannan ta ce gaskiya biyu za ta gaya mini. Ta ɗaya, wataƙila hannun ba zai koma baya sosai kamar na hagu ba, ɗan kaɗan zai rage. Ta biyu, duk da ta bi saiwar, wani lokaci ƙullin kan dawo, in ya dawo kuma sai a sake dubawa.

Baba ya taɓo ni, me ta ce?

Hannuna har ya ɗauko "ta ce komai lafiya", don ya saba. Ban san me ya tsayar da ni ba, wataƙila don likitar na kallo ne. Na gyara zama na faɗa masa duka, da ragowar taurin, da zancen dawowar, ban rage ko kalma ba. Na ga maganar ta taɓa shi, ya ɗan runtse ido, ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya gyaɗa kai, ya juya ya yi wa likita godiya da kansa.

A hanya ya saya mini lemo. Hannun na ɗan zugi yanzu, rubutu ne ya yi yawa.

Bai ce in sake ba.